Mulkin Soja Ya Wuce, Shari'a Fa? Wasiƙa Daga Gyadi-Gyadi

 Malam Edita, wani malamin makaranta daga Tarauni ya aiko mini da takarda yana tambaya. Ya ce tun ran 29 ga watan Mayu, 1999, soja suka koma bariki, to, wa aka hukunta bisa abubuwan da aka yi wa mutane a zamaninsu? In kuwa ba a hukunta kowa ba, shin ya gaya wa almajiransa magana ta mutu ke nan? Na ga tambayar ta fi ƙarfin amsar mutum biyu, don haka na kawo ta gaban jama'a.

Mu mutanen Kano ba mu da halin kawad da kai daga wannan zance. Janar Sani Abacha, wanda ya riƙe Nijeriya daga watan Nuwamba, 1993, har ya rasu ran 8 ga Yuni, 1998, a nan aka haife shi, a nan kuma aka kawo shi aka rufe a ranar. Alhaji Abubakar Rimi, wanda ya yi masa minista da fari, sa'an nan aka kulle shi tare da Alhaji Sule Lamido a 1998 don sun ƙi yarda soja ya zarce, shi ma namu ne. A unguwa guda za ka sami wanda ya ci arzikin mulkin nan da wanda ya sha wuyarsa, suna salla a sahu ɗaya, 'ya'yansu kuma sun auri juna. Saboda haka in an ta da maganar sai ka ga kowa ya sunkuyar da kai, wani ya ce a bar kaza cikin gashinta.

Kafin a yi maganar magani, ya kamata a san cutar. Mutane da yawa suna tsammani zaluncin soja shi ne bulala da tsallen kwaɗo a bakin titi. Wannan kuwa ƙaramin abu ne. Babbar ɓarnar ita ce rufe ƙofar kotu. Duk wanda ya san Gyadi-Gyadi ya san Titin Kotu, inda Babbar Kotun Tarayya take, ga ofisoshin lauyoyi jere, ga masu buga takardun rantsuwa. To, ku ɗauka a zamanin nan an zo da dare an tafi da ɗan wata tsohuwa. Ta sayad da ɗan abin da ta mallaka ta ɗauki lauya, lauya ya rubuta ƙara, alƙali ya zauna. Sai lauyan Gwamnati ya miƙe da takarda guda, wadda wani babban hafsa ya sa wa hannu a ƙarƙashin Dokar Soja ta 2 ta 1984. Dokar nan ta ce ana iya tsare mutum wata 3 ba tuhuma, in sun cika a sabunta, kuma babu kotun da ke da ikon tambayar dalili. A 1994 aka ƙara wata wadda ta hana alƙali ko da cewa a kawo mutumin ya gan shi da idonsa. Ga kotu a buɗe, ga alƙali da rigarsa, amma tsohuwa ta koma gida kamar ba ta zo ba.

Abin da ya kamata mu tuna, ko da ba daɗi, shi ne sa'ad da aka fara wannan aiki tafi muka yi. A 1984 da aka kafa kotunan soja don 'yan siyasa, aka juya ƙa'ida, aka ce wanda ake tuhuma shi zai kawo shaidar ba shi da laifi, aka ɗaure tsofaffin gwamnonin Kano biyu, Rimi da Alhaji Sabo Bakin Zuwo, talakawa da yawa murna suka yi, wai an kama ɓarayi. Ba wanda ya tsaya ya lura ƙofar da aka rufe don gwamna ita ce dai ƙofar da mai faci da ɗan jarida za su nema gobe. A shekarar nan aka ɗaure 'yan jarida biyu na Ikko, Tunde Thompson da Nduka Irabor, bisa Doka ta 4, don sun buga labarin da Gwamnati ba ta so.

To, da Abacha ya rasu, me aka yi? Janar Abdulsalami Abubakar ya buɗe gidajen yari. Janar Obasanjo ya fito daga kurkukun Yola cikin watan Yuni, 1998, aka yi masa afuwa, bai cika shekara ba ya zama shugaban ƙasa. Dokar nan ta 2 kuma aka soke ta dab da miƙa mulki. Wannan duk alheri ne, ba mai musu. Amma ku dubi ta hanyar da alherin ya zo. Ba kotu ce ta zauna ta ce hukuncin da aka yi wa waɗannan mutane a 1995 ƙarya ne ba. Mai mulki ne ya ɗaure, wani mai mulki ya kwance. Watau alfarma aka yi, ba shari'a ba. Bambancin kuwa babba ne, gama alfarma tana ga ra'ayin mai yin ta, in ya so ya bayar, in ya so ya hana, ba kuwa ta kai ga wanda ya riga ya mutu. Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa ya rasu a tsare a Abakaliki ran 8 ga Disamba, 1997. Ken Saro-Wiwa da mutum 8 na Ogoni an rataye su ran 10 ga Nuwamba, 1995. Su waɗannan na Ogoni sai a watan Yuni, 2025, aka ce an yi musu afuwa, danginsu kuwa suka ce ba afuwa suke nema ba, a wanke su suke so, domin afuwa ga mai laifi ake yi. Ni ina ganin gaskiyarsu.

Akwai kuma wani abu da akawuna da malamai ya kamata su buɗe littafi su gani da kansu. Tsarin mulkin da muke aiki da shi, Dokar Soja ta 24 ta 1999 ce ta haife shi. A cikin sashe na 6 nasa an rubuta cewa kotu ba ta da ikon sauraron ƙarar da ke tambayar ko waɗanda suka yi dokoki tun daga ran 15 ga Janairu, 1966, suna da ikon yin su. Soja sun fita daga ɗaki, amma sun kulle akwati guda sun tafi da mabuɗi.

Duk da haka an yi yunƙuri, kada a ce ba a yi ba. Cikin watan Yuni, 1999, Obasanjo ya kafa hukumar binciken cin zarafin mutane a ƙarƙashin Mai Shari'a Chukwudifu Oputa, tsohon alƙalin Kotun Ƙoli, da Fada Matthew Hassan Kukah cikin 'yan hukumar. Takardun kuka wajen 10,000 suka iso gare ta. Ta zauna a Abuja, da Ikko, da Fatakwal, da Inugu, ta kuma zo nan Kano a 2001. Waɗanda suka kai shekarun hankali a lokacin suna tune da yadda ake taruwa gaban talabijin da dare, ana kallon manyan hafsoshin da a dā ba a iya ambaton sunansu da ƙarfi, ga su zaune ana yi musu tambaya, ga gwauraye da marayu suna faɗin abin da ya same su. Wannan kaɗai ba ƙaramin abu ba ne. Amma tsofaffin shugabanni uku, Janar Buhari da Janar Babangida da Janar Abdulsalami, an kira su ba su zo ba. Maganar da ta fi tsananta a kan Babangida ita ce ta Dele Giwa, ɗan jaridan da aka kashe da bom cikin ƙunshin wasiƙa ran 19 ga Oktoba, 1986, wadda lauya Gani Fawehinmi ya riƙe bai saki ba har ya mutu. Aka kai hukumar ƙara. Ta miƙa rahotonta a watan Mayu, 2002, a farkon 2003 kuma Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsarin mulkin 1999 bai ba Gwamnatin Tarayya ikon kafa irin wannan hukuma mai tilasta wa mutum zuwa a dukan ƙasa ba. Gwamnati ta fake da wannan hukunci ta ajiye rahoton a aljihun tebur. Sai a 2005 waɗansu ƙungiyoyi masu zaman kansu suka fitad da shi don kansu.

Ku lura da abin mamaki a nan. Mutanen da suka rufe ƙofar kotu ga jama'a, su ne suka ruga kotu da bukata ta same su, kotu kuwa ta karɓe su ta saurare su. Ni ban ga laifin Kotun Ƙoli ba, aikinta ke nan ta faɗi abin da doka ta ce, ko da mai ƙara ba ya da farin jini. Laifin yana ga waɗanda aka nuna musu gurbin da ke cikin doka, suna da majalisa a hannu, ba su cike shi ba. Hukuncin bai hana a buga rahoto ba, bai hana Babban Lauyan Gwamnati ya ɗauki shaidun da ke ciki ya kai gaban alƙali ba.

Shari'ar da ta fi taɓa mutanen Kano ita ce ta Manjo Hamza Al-Mustapha, babban dogarin Abacha. An kama shi a watan Oktoba, 1998. Aka tuhume shi da hannu a kisan Alhaja Kudirat Abiola, wadda aka harbe a cikin motarta a Ikko ran 4 ga Yuni, 1996, tana neman a saki mijinta. Sai ran 30 ga Janairu, 2012, babbar kotun Ikko ta yanke masa hukuncin kisa. Ran 12 ga Yuli, 2013, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe hukuncin ta sallame shi, ta ce shaidun masu ƙara ba su tsaya ba, gama manyan shaidun sun faɗi magana sun komo sun janye ta. Da ya iso Kano jama'a suka cika titi wajen taryensa.

To, a auna wannan da sikeli. Mutum ya yi shekara 14 da watanni a kulle, daga baya kotu ta ce ba a tabbatad da laifinsa ba. Wa zai biya shi shekarun nan? Na san jinkirin ba daga gefe guda ya zo ba, lauyoyin ɓangarorin biyu sun yi ta kawo roƙo a kan roƙo, alƙalai suna sākewa. Amma Gwamnati ce ke riƙe da mabuɗin kurkuku, nauyin gaggauta shari'a a wuyanta yake. A ɗaya gefen kuma ga 'ya'yan matar nan. An kashe uwarsu da rana tsaka a kan titi, ubansu ya mutu a tsare ran 7 ga Yuli, 1998, aka ja su shekara da shekaru ana zuwa kotu, ƙarshe aka tashi ba wanda hukuncin jininta ya tabbata a kansa. Waɗanda suka yi murna a Kano da waɗanda suka yi kuka a Ikko, kowa ya ɗauka ƙabilanci ne ya ci shi ko ya cece shi. Ni kuwa ina ganin dukansu abu guda ya cuce su, watau bincike marar ƙarfi da shari'a mai tafiyar hawainiya. Sabuwar Gwamnati ta so ta hukunta tsarewa ba shari'a, sai ta ɓuge da yin irinta. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

Maganar kuɗi ba sai na daɗe a kanta ba. Ƙasar Suwizalan ta maido da wajen dala miliyan 500 a 2005, ta sake maido da dala miliyan 322 a ƙarshen 2017, waɗanda aka ce a raba wa matalauta naira 5,000 a wata. A 2020 aka karɓo dala miliyan 311 daga tsibirin Jasi, aka ware su don manyan ayyuka uku, ɗaya daga cikinsu hanyar Abuja zuwa Kano, wadda in ka biyo ta ta Na'ibawa, Titin Zariya zai kawo ka har Gyadi-Gyadi. Na sha jin ana cewa a majalisun unguwa wai ba sata ba ce, ajiya ce marigayi ya yi wa ƙasa don gudun takunkumin Turawa. Masu faɗin haka suna kuma tuna magungunan asibiti da hanyoyin da hukumar rarar man fetur ta yi a zamaninsa, ba kuwa ƙarya suke yi a kan wannan ba. Amma ajiyar ƙasa da sunan ƙasa ake yin ta, ba a shekara 20 ana shari'a kafin a karɓe ta. Abin da ya sa gardamar ta ƙi ƙarewa shi ne yawancin hukunce-hukuncen kotunan ƙetare ne suka yi su, a gida kuwa sulhu aka yi ta yi a bayan labule. Da an baje shaidun a kotunmu, da harshen da za mu ji, da mai musu ya san abin da yake musu a kai.

Ba yau Kano ta fara ganin faɗuwar mulki ba. Sa'ad da jama'ar Shehu suka kori Sarki Alwali, wajen 1807, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya sauka a garin nan da niyyar wucewa gabas, don ransa ya ɓaci da abin da ya ga waɗansu 'yan'uwansa na yi bayan nasara. Mutanen Kano suka roƙe shi ya tsaya, ya rubuta musu littafin Liya'ul Hukkami a kan yadda ake mulki da shari'a. Ashe tun a wancan zamani masu hankali sun gane korar sarki aikin kwana kaɗan ne, tsai da shari'a a bayansa shi ne aikin. Haka kuma iyayenmu 'yan NEPU da suka sha ɗauri da bulala a kotunan En'e cikin shekarun 1950. A 1968 aka karɓe kotuna daga hannun sarakuna, 'yan doka da gidajen yari su ma suka fita daga hannun En'e. Gyara ya samu, amma ba a taɓa zama an karanta sunayen waɗanda aka zalunta an ce musu an zalunce ku ba.

Maƙwabtanmu sun bi hanya biyu. A Nijar aka harbe Shugaba Ibrahim Ba'are Mainasara a filin jirgin Yamai ran 9 ga Afrilu, 1999, sa'an nan aka rubuta afuwa ga masu juyin mulki a cikin tsarin mulkin shekarar. Iyalinsa ba su haƙura ba, suka kai ƙara kotun ƙasashen Afirka ta Yamma, a 2015 ta ce an tauye musu haƙƙi, a biya su diyya. A Cadi kuwa Hissene Habre ya gudu Sanigal a 1990. Waɗanda suka tsira daga kurkukunsa, talakawa ne ba masu ƙarfi ba, suka yi ta tara sunaye da takardu shekara 25, har aka yanke masa ɗaurin rai da rai a Dakar ran 30 ga Mayu, 2016. Abin da ya ci musu nasara rubutu ne: wane, ran kaza, a wuri kaza.

Masu cewa a yafe a wuce, ina jin maganarsu, tsoron fitina ba wauta ba ne. Amma malamai sun fi ni sanin cewa haƙƙi iri biyu ne, akwai na Allah akwai na bawa, na bawa kuwa mai shi kaɗai ke yafe shi. A shari'ar jini magada ake tambaya, ba sarki ba. Ko a Afirka ta Kudu, inda aka yi hukumar sulhu a ƙarƙashin Desmond Tutu daga 1996, ba a ba kowa afuwa kyauta ba, sai ya zo da kansa ya faɗi dukan abin da ya yi a gaban waɗanda ya yi wa. Mu kuwa mun yafe a madadin mutanen da ba mu tambaya ba, mun yafe wa mutanen da ba su ce sun yi ba.

Abin da ya fi damuna ma ba manyan nan ba ne. Halin da ba a hukunta ba, shi ake gada. Kanar Sambo Dasuki ya zauna a tsare daga 2015 zuwa Disamba, 2019, alhali kotuna sun yi ta ba da belinsa, a mulkin farar hula ke nan. A watan Agusta, 2024, aka kama yara a zanga-zangar tsadar rayuwa, da yawansu 'yan Kano ne, aka tsare su wajen wata 3, aka kai su kotu a Abuja a farkon Nuwamba bisa tuhumar cin amanar ƙasa, har waɗansu suka faɗi a gaban alƙali don galabaita. Da surutu ya yi yawa, umurnin shugaban ƙasa ne ya sake su. Alfarma dai har wa yau. In kuma ka tsaya da safe a bakin kotun majistare ka ga motar fursuna tana sauke samari, ka tambaya, za ka iske da yawa ba a fara shari'arsu ba, ana jiran shawara daga ma'aikatar shari'a, an mai da su Goron Dutse sai wani watan. A shekarun nan kusan kashi 2 cikin 3 na mutanen da ke gidajen yarin Nijeriya masu jiran shari'a ne. Ba wata dokar soja da ke tsare da su, fayil ne da bai motsa ba.

Ga shi kuwa doka ba ta bar su haka ba. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce wanda aka kama a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu kusa, in babu cikin kwana biyu. Dokar tafiyad da shari'ar laifuka ta 2015 ta ɗora wa majistare ya riƙa zagaya ofisoshin 'yan sanda na yankinsa akalla sau ɗaya a wata, ya duba littafin kamu, ya ga waɗanda ke ciki, ya ba da belin wanda ya cancanta. Jihar Kano ma ta yi tata dokar irin wannan a 2019. Roƙona biyu ne. Na farko ga lauyoyin Titin Kotu da malaman Jami'ar Bayero, su ɗauki rahoton Oputa su fassara muhimman sassansa da Hausa, Malam Edita kuma ya ba su fili a riƙa bugawa kaɗan kaɗan. Na biyu ga masu karatu na Tarauni, da Hotoro, da Unguwa Uku, da sauran wurare: duk wanda ya taɓa ganin majistare ya zo ofishin 'yan sanda na unguwarsu don wannan zagaye, ya rubuto ya gaya mana wata da shekara, da mutum nawa aka saki a ranar.